Yadda Ake Koya wa Yara Makaɗa Sarrafa Kayan Kiɗa Iri-iri Ta Hanyar Kiɗan Rukuni

Yaron da ya zaɓi sarewa, sarewa zai riƙe tun daga ranar da ya shiga ajin kiɗa har ranar da zai fita. Na fiyano ma haka. Amma wanda aka rubuta sunansa cikin makaɗa, ɗaki guda na kaya aka ɗora masa: ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasa, babbar ganga, timfani (ganga mai siffar tukunya da ake ɗaure fatarta da fedal), marimba da zailofon (jerin allunan katako masu sauti), farantan tagulla, tamborin (ɗan gewaye mai ƙananan ƙarafa da ake girgizawa), caki, kuge, ƙarfe mai kusurwa uku, da sauran abubuwan da ake bugawa ko girgizawa ko gogawa. Kowanne da riƙonsa, da wurin da ake bugunsa, da yadda ake kashe amonsa.

Abin da yakan faru shi ne, malam yana gaggawar shirya wasa, sai ya ba kowa abin da ya fi iyawa. Mai zafin hannu ya samu ƙaramar ganga, yarinyar da ta taɓa fiyano a tura ta marimba, mai kunya a miƙa masa ƙarfe mai kusurwa uku ya tsaya can baya. Wasa ya yi kyau, iyaye su tafa. Shekara ta zagayo, a maimaita rabon bara. Bayan shekara uku sai ka tarar mai ganga ba ya iya karanta sauti ko ɗaya a kan layi, mai marimba ba ta iya riƙe taki sai wani yana buga mata, mai kunya kuwa ya daɗe da barin ajin. Asara ce babba, kuma ba yaran ne suka jawo ta ba.

Maganin da na fi amincewa da shi shi ne a haɗa makaɗa su kaɗai su yi rukuni. A cikin babban bandin makaranta masu busa ne ke ɗauke da karin waƙa, makaɗa suna baya suna ƙirga shiru. Idan ka cire masu busa, dole wani makaɗi ya ɗauki kari, wani ya ɗauki sautin ƙasa, wani ya riƙe taki, wani ya yi ado. Babu wurin ɓuya. Wannan tsari bai kai shekara ɗari da zama ruwan dare a ɗakunan wasa na Turai da Amurka ba: Amadeo Roldán na ƙasar Kyuba ya rubuta wa makaɗa zalla kiɗa a 1930, a 1933 aka fara buga na Edgard Varèse mai makaɗa 13 a birnin New York, a 1950 kuma Paul Price ya mayar da rukunin makaɗa darasi mai maki a Jami'ar Illinois. Daga nan ya sauko har zuwa ƙananan makarantu, saboda malamai sun ga yana koyar da abin da darasin mutum ɗaya ba ya koyarwa.

Ga yadda za ka gina naka.

Ka raba kayanka gida huɗu

Kafin yara su shigo, ka fito da duk abin da ke cikin ma'ajiya ka kasa shi gida huɗu. Gida na farko masu fata da ake bugawa da sanda ko hannu: ƙaramar ganga, tom, konga, bongo, jembe. Na biyu masu allunan sauti: marimba, zailofon, da 'yan'uwansu na ƙarfe. Na uku ƙananan kaya da ƙarafa, ka haɗa da babbar ganga da farantan tagulla. Na huɗu timfani, idan kana da shi. In babu, gida uku sun isa a fara. Yara shida zuwa takwas su ne daidai ga rukuni ɗaya; idan sun fi haka, ka raba su biyu, don kada wani ya laɓe a bayan amon wani.

Jadawalin juyi, wanda shi ne zuciyar aikin

Ka ɗauki takarda babba. A gefe ka jera sunayen yara, a sama ka rubuta kiɗa uku ko huɗu da za ku yi a zangon. A kowane akwati ka rubuta kayan da yaron zai buga a wannan kiɗan. Doka ɗaya ce: babu yaron da zai zauna gida ɗaya sau biyu a jere, kuma kafin zango ya ƙare kowa ya ratsa kowane gida. Misali, idan yara shida ne da gida uku, na ɗaya da na biyu su fara da masu fata a kiɗan farko, su koma allunan sauti a na biyu, su ƙare da ƙananan kaya. Na uku da na huɗu su fara da allunan sauti. Na biyar da na shida su fara da ƙananan kaya. Shi ke nan, ka manna takardar a bango inda kowa zai gani.

Me ya sa sai an rubuta? Domin idan ka bar shi a zuciya, saura mako biyu a yi wasa za ka ga yaron da ke marimba yana tuntuɓe, ka ji zuciyarka na cewa a mayar da gwanar wurinta kawai. Kowane malami yakan ji wannan. Takardar da ke bango ita ce za ta tsare ka, kuma ita ce za ta kashe gardamar yara, don kowa yana ganin juyinsa na zuwa. Mai riƙe da caki yau ba zai ji an raina shi ba tunda ya ga sunansa a ƙarƙashin ƙaramar ganga a kiɗa na gaba.

Akwai dabara a wajen haɗa abokai. A kowane gida ka sa wanda ya ɗan iya kusa da wanda bai iya ba, amma kada ka ba gwanin ɓangaren da ya fi wuya kullum. Wani lokaci ka ba shi mai sauƙi, ka ce aikinsa shi ne ya saurari abokinsa ya riƙe masa taki. Idan ɓangaren marimba ya fi ƙarfin wanda juyi ya faɗo kansa, ka rage masa sautuka: ya buga na farkon kowace gaɓa (ɗan kason bugu da ake raba rubutun kiɗa da shi) kawai, a hankali ka riƙa mayar masa da sauran. Ɓangaren ake sauƙaƙawa, yaron yana nan inda jadawali ya ajiye shi.

Ka ajiye jadawalin bara. Yaron da ya buga kari a marimba bara, bana ya buga sautin ƙasa. Wanda ya riƙe tamborin, bana ya ɗauki farantan tagulla.

Makonni biyun farko: tafi, ƙafa da baki

Kada a taɓa sanda tukuna. Yara su tsaya da'ira, kowa na ganin kowa. Su fara taka ƙafa tare, dama, hagu, a taki matsakaici, kamar bugu 80 a minti idan kana da na'urar ƙirga taki ko manhajarta a waya. Idan takun ya zauna, kai ka tafa wani gajeren salo mai bugu huɗu, su amsa maka. Bayan ɗan lokaci ka miƙa jagoranci ga yaro ɗaya, daga shi zuwa na kusa da shi, har a zagaye. Tun a nan za ka gane mai gudu da mai ja baya, da wanda ke kallon ƙafar wani maimakon ya saurara.

Sai ka raba su biyu. A ƙirga ɗaya zuwa shida da baki, a yi ta maimaitawa. Rabi su tafa a kan 1 da 3 da 5, rabi a kan 1 da 4. Wannan shi ne uku a kan biyu. Da farko za su rikice, kowa ya so komawa salon ɗaya ɓangaren. Ka rage gudu har ya yi kamar ya yi yawa a hankali. Idan ya zauna, ka ɗaga hannu su yi musaya ba tare da an tsaya ba. Musayar nan ita ce darasin farko na abin da duk zangon zai koyar: ka bar abin da kake yi, ka ɗauki na wani, taki bai motsa ba.

Idan sun ƙware, ka ƙara musu salon kilabe na Kyuba: a ƙirga goma sha shida, a tafa a kan 1, 4, 7, 11 da 13. Wasu su riƙe wannan, wasu su taka bugu huɗu, wasu su yi ƙananan bugu a cinya. Ga manyan yara kuma akwai dabarar da mai tsara kiɗa Steve Reich ya yi amfani da ita a kiɗansa na tafi na 1972: mutum biyu suna tafa salo ɗaya, ɗaya ya tsaya a kansa, ɗayan ya riƙa gusar da nasa da bugu ɗaya bayan an maimaita sau da yawa, har ya zagayo su sake haɗuwa. Ka ƙirƙiro naka salon mai bugu takwas ka gwada da su.

Duk abin da aka tafa, a rubuta shi a allo bayan an iya shi. Kunne da hannu su riga ido, amma kada a bar ido a baya, don karatun alamomin kiɗa shi ne abin da zai ba yaro damar ɗaukar kowace takarda aka miƙa masa.

Riƙo ɗaya da zai yi aiki ko'ina

Ka koya musu riƙon da hannu biyu suke kama da juna: sanda tsakanin babban yatsa da manuniya, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gindinta, sauran yatsu sun lulluɓe ta sako-sako, bayan hannu yana kallon sama. Akwai tsohon riƙo na masu gangar fareti inda hannun hagu ke kwance ta wata fuska dabam. Yana da kyau, amma a bar shi sai gaba. Dalilina shi ne riƙon bai-ɗaya yana tafiya da yaro daga ganga zuwa marimba zuwa timfani da ɗan gyara kaɗan, don haka duk minti goma da ya yi a faifan roba na atisaye yana amfanar gida huɗun gaba ɗaya.

Bugu iri huɗu ne tushe. Wanda ya tashi daga sama ya koma sama. Wanda ya tashi daga sama ya tsaya ƙasa. Wanda ya tashi daga ƙasa ya tsaya ƙasa. Wanda ya tashi daga ƙasa ya ƙare a sama. Ƙarfin amo kuma daga tsawon da sanda ta tashi yake zuwa, ba daga matse hannu ba. Ka ba su awo da ido zai gani: inci 3 don amo mai laushi, 6 da 9 don matsakaici, 12 don mai ƙarfi. Yaro ya fi gane "sauke sandarka zuwa inci uku" a kan "yi a hankali", don idan ka ce a hankali, gudun zai rage maimakon amon.

Daga salon hannu 40 da ƙungiyar makaɗa ta Percussive Arts Society ta tsara a 1984, uku sun ishe ka a shekarar farko: bugun ɗaiɗai (dama, hagu, dama, hagu), bugun bibbiyu (dama, dama, hagu, hagu), da faradidil (dama, hagu, dama, dama, hagu, dama, hagu, hagu). Ka sa su yi waɗannan tare a rukuni, rabi a faifan roba, rabi a kan alluna biyu na marimba, sannan a yi musaya. Faradidil a kan sauti biyu yakan fitar da ɗan kari, kuma a nan yaro yake gane cewa hannun nan ɗaya ne ke aiki a wurare biyun.

Zaɓen kiɗa

Ka nemi wanda kowane ɓangare a cikinsa yana da abin yi, ba wanda mutum ɗaya ke haskawa sauran suna raka shi ba. Ka buɗe takardar mai ƙananan kaya tukuna: idan gaɓa talatin zai yi yana jira, ka ajiye kiɗan. Ya kasance gajere, minti biyu zuwa uku, kuma ya ɗan fi sauƙi a kan abin da gwanin ajin zai iya, tunda kowa zai kasance baƙo a kayan da ke gabansa. A zango ɗaya ka haɗa iri dabam-dabam: ɗaya na ganguna zalla, ɗaya da allunan sauti suka fi yawa kuma mai tafiya a hankali, ɗaya mai salon rawa na wata al'umma, wanda za ka gaya wa yara daga ina ya fito kuma su ji yadda masu shi suke buga shi. Idan ba ka samu rubutacce da ya dace da kayanka ba, ka rubuta da kanka: salo mai gaɓa biyu da ake maimaitawa a ƙasa, kari mai gaɓa takwas a sama, taki a tsakiya.

Allunan sauti, inda yawancin masu ganga ke tsorata

Nan ne za ka fi ɓata lokaci, kuma ya cancanta. Matsalar marimba ita ce hannu ba ya taɓa allo kai tsaye kamar yadda yatsa ke taɓa fiyano, saboda haka yaro yana so ya zuba wa alluna ido, takarda kuma tana can sama. Sai ya haddace, ya daina karatu. Ka sauke abin ɗora takarda ƙasa sosai, dab da allunan sama, ka daidaita shi da tsakiyar sautukan da zai buga. Ido na kan takarda, gefen ido na hango alluna. Ka fara da sauti uku kacal da ke jere, ya buga su yana kallon takarda har hannu ya san tazararsu, sannan a ƙara na huɗu.

Ka nuna musu wurin bugu da kunnensu. Ka buga allo ɗaya a tsakiya, daidai saman bututun da ke ƙarƙashinsa: amo zai fito cikakke, ya daɗe. Sannan ka buga daidai inda igiya ta ratsa allon: za ka ji wani "tak" busasshe, kusan babu sauti. Ka sa kowane yaro ya yi da kansa, ya juya baya kuma ya faɗi wanne ka buga. Wurin igiyar shi ne inda allon ba ya girgiza, shi ya sa aka huda shi a nan. Allunan sama, idan gudu ya yi yawa, ana iya bugunsu a can bakin da ke kusa da mai bugu, amma ba a kan igiya ba. Kuma ka kafa doka tun rana ta farko: sanda mai kan zare ita ce ta marimba, mai kan roba mai tauri ta zailofon ce, mai kan tagulla ta ƙananan allunan ƙarfe masu tauri (glockenspiel) ce kaɗai. Sanda mai tauri tana fasa siraran allunan ƙasa na marimba, kuma allon da ya tsage ba ya komawa.

Don cire tsoro, ka aro dabarar Carl Orff da Gunild Keetman, waɗanda suka gina hanyarsu ta koyar da yara a Jamus: a bar sauti biyar kawai, do, re, mi, so, la. Ƙananan zailofon na yara ana iya cire musu allunan fa da ti. A babbar marimba sai ka nuna musu biyar ɗin. A cikin waɗannan biyar kusan duk abin da yaro ya buga zai zauna da na abokinsa. Mutum biyu su riƙe do da so a ƙasa, ɗaya ya riƙe taki da caki, sauran su karɓi gaɓa huɗu-huɗu kowa ya ƙirƙiri nasa. Yaron da ya taɓa ƙirƙirar kari da hannunsa ya ji ya yi daɗi, ba ya ƙara kallon marimba a matsayin kayan wasu. Riƙon sanduna huɗu, ko salon makaɗi Gary Burton ko na makaɗi Leigh Howard Stevens, ba na shekarar farko ba ne.

Ƙananan kaya, da girman da ya kamace su

Idan kai malam kana miƙa tamborin kamar abin da ya rage, yara ma haka za su ɗauke shi. Ka ware darasi guda cur saboda su.

Ɗauki ƙarfe mai kusurwa uku. Ana rataye shi da siririn zare a jikin matsi, a yi zaren madauki biyu don idan ɗaya ya tsinke ɗayan ya tare. Yaro ya ɗaga shi daidai idonsa, yadda zai hangi sauran ta cikinsa. Babban yatsa da na tsakiya suna tallafe matsin, manuniya a sama, ƙananan yatsu biyu suna sake a gefe, su ne za su rufe ƙarfen idan ana son amo ya mutu. Mai bugu da dama ya sa buɗaɗɗiyar kusurwar ta hagunsa. Ya buga gindin ƙarfen da ɗan karkace, ya saurara har amon ya ƙare da kansa, sannan ya sake bugawa ya kashe shi a kan bugu na uku daidai. Jan amo kuma, wato bugu mai sauri da ke sa amo ya ɗore, a cikin rufaffiyar kusurwa ake yi, sandar ƙarfe tana kai da komo tsakanin gefe biyu. Bugu ɗaya na wannan ƙarfe yana ratsa rukuni duka, don haka idan ya makara ko da ƙiftawar ido, kowa zai ji.

Tamborin a riƙe shi a karkace, tsakanin kwance da tsaye, don ƙarafansa su amsa su yi shiru nan take. A tsaye suna ta surutu, a kwance suna mutuwa. Kuma a koyi ɗaukarsa da ajiye shi ba tare da ya yi ƙara ba, a kan tawul da aka shimfiɗa. Farantan tagulla na inci 16 sun fi dacewa da ƙananan hannaye. A kama madaurin da yatsu, ba a zura hannu ciki ba, kuma gefe ɗaya ya riga ɗayan haɗuwa da ɗan kaɗan; in suka haɗu fuska da fuska daidai, iska za ta maƙale a tsakani a ji "fuf" kawai. Ana kashe su a jikin ƙirji ko ciki. Babbar ganga a buge ta ɗan nesa da tsakiya, hannun hagu da gwiwa suna lura da tsawon amon.

Abin da duk waɗannan ke koyarwa shi ne amo yana da farko yana da ƙarshe. Mai ƙaramar ganga bai taɓa tunanin ƙarshen amo ba, don nasa yana mutuwa da kansa. Sai ya riƙe farantai yake koyon wannan.

Timfani

Ganga biyu sun isa, ta inci 29 da ta inci 26. Kafin yaro ya taɓa fedal, ya rera sautin da baki. Ka buga masa do a marimba, ya rera, ya sauko zuwa so na ƙasa da murya. Sannan ya danna diddige fedal ya sassauta fata, ya ɗan taɓa fatar sau ɗaya da yatsa, ya tura fedal da yatsun ƙafa a hankali har amon ya hau ya tarar da wanda ke bakinsa. Kullum daga ƙasa ake hawa. Wurin bugu kamar faɗin tafin hannu ne daga baki. Tsakiyar timfani ba ta da sauti. Jan amo da bugun ɗaiɗai ake yi, ba bibbiyu ba. Ka sa sauran yara su zama alƙalai: ya kai, ko saura kaɗan, ko ya wuce? Ta haka mutum ɗaya ke kan ganga amma kunne takwas ke koyo.

Yadda atisaye zai gudana

A darasin minti 45, biyar na farko na shirya kaya ne, kuma yaran ne za su shirya, kowa wurin da zai tsaya: ƙaramar ganga daidai ƙasan cibiya, sanduna a kan tawul, wayoyin ganga a sake idan ba a bugunta don kada su riƙa zuza da amon timfani. Minti takwas na ɗumama hannu tare. Sauran na kiɗa, biyar na ƙarshe na mayar da kaya.

Kada ka riƙa farawa daga farko kullum. Ka ɗauki gaɓa huɗu da ke ba da wahala, ka gina su daga ƙasa: babbar ganga da caki tukuna, a ɗora sautin ƙasa, a ɗora kari. Waɗanda ba su shigo ba su rera ɓangarensu da baki. Lokaci zuwa lokaci ka tsayar da kiɗa ka tambayi yaro: "Wa ke buga irin naka a nan?" ko "Wa ke da kari yanzu?" In bai sani ba, kansa kawai yake ji. A sake, ya saurara, ya ba ka amsa.

Idan kiɗa ya fara zama, ka sauka daga gaba ka koma gefe. Su fara da kansu: ɗaya ya ja numfashi ya ɗaga sanda, sauran su shiga tare. Zai watse sau da yawa, ka bar su su gano dalili. Ka ɗauki amon da waya, a saurara tare, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya ji game da ɓangaren wani, ba nasa ba. Sau ɗaya a mako kuma ka yi musayar ba-zata: kowa ya matsa wuri ɗaya zuwa dama, a buga gaɓa takwas na farko da takardar da ya tarar. Ba don wasa ba ne, don karatu ne da sanin abin da maƙwabci ke fama da shi.

Kunnen yara amana ce. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har ya zama minti 15 kacal a desibel 100. Ganguna da farantai a ƙaramin ɗaki suna iya kaiwa can. Ka yi yawancin aikin hannu a faifan roba, ka sa labule ko darduma su sha amo, ka saba musu da toshen kunne na makaɗa, kuma kada kan wani yaro ya kasance dab da farantan wani.

Idan yaro ya turje

Za a samu wanda zai ce shi ganga ya zo koya, ba ruwansa da marimba. Yawanci tsoro ne: ya saba zama gwani, ba ya son a gan shi yana lalube. Kada ka yi masa wa'azi a gaban aji. Ka ba shi ɓangaren sautin ƙasa mai alluna biyu ko uku wanda ƙarfinsa a taki yake, inda abin da ya riga ya iya zai fito. Ka gaya masa gaskiya a keɓe: duk inda makaɗi ya je neman gurbi, a babbar makaranta ko a ƙungiyar kiɗa, akan nemi ya nuna hannunsa a ƙaramar ganga da allunan sauti da timfani. Haka ita ma gwanar marimba da ke gudun ganga, ka fara ta da tom ko konga mai salo ɗaya da ake maimaitawa. Iyaye ma wani lokaci sukan tambayi dalilin da ya sa ɗansu gwani yake riƙe da caki a wasa. Ka nuna musu jadawalin bango, kuma ka tsara wasan yadda za su gan shi a kaya biyu ko uku a dare ɗaya.

A ƙarshen zango ka gwada kowane yaro shi kaɗai na minti biyar: gaɓa takwas a ƙaramar ganga da bai taɓa gani ba, jerin sauti ɗaya hawa da sauka a marimba tare da ɗan kari, ɗaure timfani ɗaya daga sautin da ka ba shi, da bugu huɗu a ƙarfe mai kusurwa uku, biyu dogaye biyu gajeru. Ka rubuta inda ya fi rauni a gefen sunansa. Idan ka zo zana jadawalin zango mai zuwa, gidan nan ne za ka fara sa shi, a kiɗan da ya fi sauƙi, kusa da abokin da ya riga shi iyawa.